Me Ya Sa Imel Ɗin Ofis Ke Ƙin Fita Waje?

A ce ka samu sabon aiki a wani kamfanin rarraba kaya. Ranar farko aka ba ka katin shaida, aka nuna maka wurin zamanka, sannan jami'in IT ya karɓi wayarka ya saka maka imel ɗin kamfani: sunanka, alamar @, sai sunan kamfanin. Da yamma ka ce bari ka gwada, ka tura takardar kama aikinka zuwa Gmail ɗinka don ka adana. Ko minti ɗaya ba a yi ba saƙon ya dawo, ɗauke da dogon Turanci da wasu lambobi: 550 5.7.1. Ka kashe data ka kunna, ka sake turawa, ya sake dawowa. Ka sa ƙanenka ya turo maka saƙo daga wayarsa, shi ma nasa ya koma masa. Amma da ka tura wa abokin aikinka na teburin kusa, nan take ya shiga.

Wayarka lafiyarta ƙalau, kuma netwok bai yi laifin komai ba. Da gangan aka saita akwatinka ya zama na cikin gida zalla: ka aika wa 'yan kamfani, su aiko maka, shi ke nan. Kamar wayar ɗakin otal ce, wadda za ka kira masu karɓar baƙi da ita ko ɗakin da ke kusa da naka, amma ba za ta kira gidanku ba.

Abin da ke fara zuwa zuciyar mutum shi ne an raina shi, ko ba a yarda da shi ba, musamman idan ya ga saƙon manaja yana fita ko'ina. To amma wanda ya san irin asarar da saƙo guda ke iya jawo wa kamfani, lissafinsa daban ne. Wannan kulle yana da dalili mai ƙarfi, yana kuma da iyaka. Iyakar kuwa tana cikin aljihunka.

Ta ina saƙo ke bi?

Tun shekarar 1971, lokacin da injiniya Ray Tomlinson na Amurka ya zaɓi alamar @, adireshin imel kashi biyu ne: sunan mutum a hagu, sunan gidan da yake a dama. Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen miƙa wa juna saƙo kuma, wadda ake kira SMTP, an rubuta ta ne a 1982, kuma har yau a kanta ake.

Idan ka latsa maɓallin turawa, wayarka ba ita ke kai saƙo wurin wanda ka rubuta wa ba. Miƙa shi take yi ga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da akwatunan imel ɗin kamfaninku, ko tana cikin ginin ofis ko tana hannun Google ko Microsoft. Uwar garke za ta dubi abin da ke dama da alamar @. Idan sunan gidanta ne, sai kawai ta jefa saƙon a akwatin mai shi, ba tare da ya taka waje ba. Idan na wani gida ne, sai ta tambayi kundin adireshin intanet da ake kira DNS wace kwamfuta ce ke karɓar wasiƙun wancan gidan, sannan ta miƙa mata.

Ka ga kenan uwar garke ita ce zauren gidan. Mai shiga da mai fita duk ta nan za su bi, shi ya sa a nan ake ajiye maigadi. Doka ɗaya ake ba shi: idan mai aikawa yana cikin wannan jerin sunaye, kuma saƙonsa waje ya nufa, mayar masa. Idan kuma daga waje aka zo neman ɗaya daga cikinsu, a sallami baƙon tun daga bakin ƙofa.

Lambobin da ka gani ma suna da ma'ana, kuma sanin su zai rage maka ɓata data. Lambar da ta fara da 4 matsala ce ta ɗan lokaci, uwar garke za ta sake gwadawa da kanta. Wadda ta fara da 5 ƙi ne na dindindin, ko sau ɗari ka tura amsa ɗaya ce. Idan ka ga 5.1.1, adireshin da ka rubuta ne babu shi. Idan kuwa 5.7 ne da wata lamba a bayansa, to doka ce ko matakin tsaro ya tare saƙon.

Ƙofar shigowa

Babban dalilin farko shi ne saƙon tarko, wato imel ɗin da aka shirya don ya yaudare ka ka buɗe wani fayil, ko ka latsa linki, ko ka rubuta kalmar sirrinka a shafin bogi. Mutane da yawa na zaton manyan ofis kaɗai 'yan kutse ke hari. Abin da ya faru da kamfanin RSA a shekarar 2011 ya nuna akasin haka.

RSA ba ƙaramin kamfani ba ne, tsaron kwamfuta ma shi ne sana'arsa. Shi ke ƙera 'yar na'urar nan ta SecurID mai fitar da lambobin sirri, wadda bankuna da hukumomi ke amfani da ita. 'Yan kutse suka aika saƙo ga wasu ƙananan rukunoni biyu na ma'aikata waɗanda ba manyan jami'ai ba ne, da take mai jan hankali: tsarin ɗaukar ma'aikata na 2011. Matatar saƙonni ta yi aikinta, ta jefa shi a jakar tarkace. Sai wani ma'aikaci ya je ya tsamo shi, ya buɗe fayil ɗin Excel da aka maƙala. A ciki akwai wata muguwar manhaja da ta bi ta wani rauni na Adobe Flash wanda ba a san da shi ba a lokacin. Daga kwamfutar mutum ɗaya suka riƙa tsallakawa har suka kai ga bayanan SecurID. Kamfanin EMC, mai mallakar RSA a wancan lokaci, ya ce lamarin ya ci masa dala miliyan 66, kuma a watan Mayun shekarar aka kai wa Lockheed Martin mai ƙera jiragen yaƙi hari da abin da aka sata.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren ba ruwansa da ko tsagar tana ɗakin manaja ko tana sito. Kowane akwati da ke karɓar saƙo daga duniya taga ce a buɗe. Kamfani mai ma'aikata 300, wanda 60 ne kawai aikinsu ya haɗa su da mutanen waje, idan ya bar kowa a buɗe yana gadin tagogi 300 ne. Idan ya rufe na sauran, 60 suka rage masa, kuma zai fi iya sa musu ido da horar da masu su.

Ƙofar fita

Dalili na biyu shi ne abin da ke fita. A nan ma ba sai ma'aikaci ya yi mugun nufi ba. Kuskuren yatsa ya isa, balle a kan allon waya inda manhaja ke cike maka adireshi da zarar ka rubuta harafi biyu.

A watan Satumban 2015, wani asibiti a birnin Landan mai suna 56 Dean Street ya aika wasiƙar labarai ga mutum 781 da ke cikin jerin masu hulɗa da sashensa na cutar HIV. Maimakon a ɓoye adiresoshin, sai aka zuba su a gurbin da kowa ke ganin na kowa. Mutane suka ga sunayen waɗanda suka sani. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar fam 180,000, amma sirrin da ya fita ba ya komawa.

Wani misalin ya fi wannan ban mamaki. Adiresoshin sojojin Amurka suna ƙarewa da .mil, na ƙasar Mali kuma da .ml. Harafi ɗaya ne tsakani. A watan Yulin 2023 jaridar Financial Times ta bayyana cewa shekara da shekaru saƙonnin da aka nufi sojojin Amurka da su suna ta kwarara zuwa Mali saboda mantuwar wannan harafi. Johannes Zuurbier, ɗan ƙasar Holan wanda a wancan lokaci yake kula da adireshin na Mali bisa kwangila, ya ce daga Janairun shekarar kaɗai ya tara kusan saƙonni 117,000, cikinsu har da bayanan lafiya da jadawalin tafiye-tafiyen jami'ai.

Amsar da ma'aikatar tsaron Amurka ta bayar ita ce ta shafi batunmu. Ta ce duk saƙon da ya taso daga akwatin .mil zuwa adireshin Mali ana tare shi kafin ya fita, a sanar da mai shi ya duba adireshin. Wato maigadin zaure na aikinsa. To ta ina saƙonnin ke fitowa? Daga akwatunan da ba sa ƙarƙashin wannan doka: imel ɗin mutane na ƙashin kansu da na masu hulɗa da ma'aikatar daga waje. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A Najeriya ma zancen ya wuce na ganin dama. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa kamfanoni alhakin tsare bayanan mutanen da ke hannunsu, ta kuma wajabta musu sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓullar bayanai da ka iya cutar da masu su. Kamfanin da ke riƙe da lambobin waya, adireshin gida ko lambar BVN ta kwastomomi dole ya tambayi kansa: mutum nawa ne za su iya fitar da wannan da latsawa ɗaya?

Wa ake kullewa?

Inda aka yi abin bisa tsari, aiki ake dubawa ba muƙami ba. Mai kula da sito, ma'aikacin injin a masana'anta, direba, mai karɓar kuɗi a kanti, ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki na wata shida: duk suna buƙatar ganin sanarwar ofis, jadawalin aiki da takardar neman hutu, amma ba su da wata hulɗa da 'yan kasuwar waje ta imel. Makarantu da dama da ke ba yara akwatin imel ma haka suke yi, don kada baƙo ya samu hanyar yi wa yaro magana.

Akasin haka, ƙaramin ma'aikaci a sashen saye da sayarwa yana buƙatar ƙofarsa a buɗe fiye da wani babban injiniya. Kuma waɗannan masu buɗaɗɗiyar ƙofa su suka fi shiga haɗari. Tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lithuweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi shigar burtu da sunan kamfanin Quanta Computer na Taiwan, ya riƙa aika takardun neman biya na bogi ta imel, har ya karɓi sama da dala miliyan 100 daga Google da Facebook. An yanke masa ɗaurin shekara 5 a 2019. Hukumar FBI ta ce a 2023 kaɗai ƙorafe-ƙorafen irin wannan damfara ta imel ɗin kasuwanci sun kai asarar dala biliyan 2.9. Kulle akwatin mai sito ba zai hana wannan ba, domin masu biyan kuɗi dole su yi magana da waje. Abin da yake yi shi ne rage yawan wuraren da za a tsare.

Yadda ake saita shi

Idan kai ne ke kula da imel ɗin wani ƙaramin kamfani, ko kana koyon aikin IT, tsarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: tara mutanen a rukuni ɗaya, sannan ka ɗora doka a kan rukunin.

A Google Workspace, ana saka ma'aikatan a sashe nasu na daban a shafin mai gudanarwa, sannan a cikin saitin Gmail a kunna musu taƙaita isar da saƙo. Daga nan ba za su aika ko su karɓa ba sai daga gidajen da aka rubuta a jerin amintattu. Canjin na iya ɗaukar har sa'o'i 24 kafin ya kama kowa.

A Microsoft 365 ko Exchange, ana ƙirƙirar rukuni, sai a rubuta dokokin zirga-zirgar saƙo guda biyu. Ta farko: idan mai aikawa ɗan rukunin ne kuma mai karɓa na waje ne, a mayar. Ta biyu: idan mai aikawa na waje ne kuma mai karɓa ɗan rukunin ne, a mayar. Yawancin masu koyo a nan suke tuntuɓe, su rubuta ta farko su manta ta biyu, su rufe ƙofar fita su bar ta shigowa a wangale. Akwai kuma zaɓi tsakanin mayar da saƙo da bayani, ko share shi shiru. Zaɓi na farko. Share saƙo shiru yana sa mutum ya zauna jiran amsar wasiƙar da ba ta taɓa zuwa ba.

Da yawa daga masu riƙe da uwar garkensu da kansu Postfix suke amfani da ita, manhajar da Wietse Venema ya rubuta a IBM aka fitar a 1998, wadda kuma ita ce ke aika saƙo a cikin Zimbra. A nan jeri biyu ake rubutawa: na ma'aikatan da aka taƙaita, da na gidajen da aka yarda su aika wa. Sai dai jagoran manhajar da kansa ya yi gargaɗi cewa wannan tsari sunan mai aikawa kawai yake dubawa, don haka mai wayo zai iya rubuta sunan wani abokin aiki da ke da izini, ko ya bi ta wata uwar garken. Maganin shi ne a ɗaure kowane adireshi da kalmar sirrin mai shi, yadda ba wanda zai aika da sunan wani, a kuma hana kwamfutocin ofis miƙa saƙo kai tsaye zuwa waje.

Kafin ka kunna dokar, zauna ka lissafa saƙonnin waje da ma'aikatan ke buƙata ba tare da an lura ba: takardar albashi idan wani kamfani ne ke shirya ta, sanarwar fansho, gayyatar taron Zoom, lambar tantancewa, saƙon sauya kalmar sirri. Duk waɗannan daga waje suke zuwa. Idan ba ka saka su a jerin amintattu ba, ranar biyan albashi za ka gane kurenka.

Ƙofar baya tana aljihunka

Mu koma kan darasin Mali. Doka tana aiki ne kawai a kan abin da ya bi ta zaure. Ma'aikacin da imel ɗinsa ba ya fita, amma shugabansa ya ce masa maza ya tura wa dila jerin kaya kafin azahar, me zai yi? Zai ɗauki hoton allon kwamfuta da wayarsa, ya tura ta WhatsApp. Ko ya buɗe Gmail ɗinsa. An gudu ba a tsira ba: bayanin ya fita, kuma yanzu ya fita ta hanyar da kamfani ba ya gani, ba shi da kwafi, ba zai iya gogewa ba ranar da aka sace wayar a tasha.

Manyan bankunan duniya ma sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan ɗabi'a. A Disambar 2021 hukumomin Amurka suka ci JPMorgan tarar dala miliyan 200 saboda ma'aikatansa, har da manya, suna maganar aiki ta WhatsApp da saƙon tes da imel na ƙashin kai, inda bankin ba ya iya adana bayanan kamar yadda doka ta tanada. A Satumbar 2022 aka sake cin wasu manyan kamfanonin hada-hadar kuɗi, ciki har da Goldman Sachs, Morgan Stanley da Citigroup, tarar da jimillarta ta haura dala biliyan 1.8 a kan laifi iri ɗaya.

Akwai wani haɗarin kuma da ba a cika faɗa ba. Wanda ya san akwatinsa na cikin gida ne yakan saki jiki, ya ɗauka duk abin da ya shigo daga ɗan gida ne. Amma idan 'yan kutse suka ƙwace akwatin akanta ko na sakatare, saƙon tarkonsu daga ciki zai taso, da sunan wanda ka sani, kuma maigadi ba zai tare shi ba.

Shi ya sa kamfanin da ya kulle ya kamata ya bar halastacciyar hanya: akwati ɗaya na sashe da mutum biyu ko uku ke kula da shi don hulɗa da waje, hanya mai sauƙi ta neman a buɗe wa mutum idan aikinsa ya sauya, da kuma bayani tun ranar farko. Ma'aikacin da aka gaya wa dalili ya fi wanda ya gano da kansa ta hanyar lambar 550 kiyaye doka.

Abin da ya rage gare ka

Idan akwatinka na cikin gida ne, ga abubuwan da za su kare ka.

Kada ka yi rajistar Facebook, banki, JAMB ko wata manhajar kuɗi da imel ɗin ofis. Saƙon tantancewa ba zai iso ba, kuma ko da ya iso, akwatin na kamfani ne. Ranar da ka bar aiki za a rufe shi da duk abin da ka rataya a jikinsa.

Kada ka nemi dabarar tsallake katanga, kamar saita akwatin ya riƙa tura komai zuwa Gmail ɗinka. Uwar garke na rubuta duk wani yunƙuri, kuma abin da ka ɗauka wayo ne a wurin kamfani fitar da bayanai ne, wanda ke iya cinye aikin mutum.

Idan aikinka na buƙatar tura abu waje, rubuta wa shugabanka da jami'in IT ta wannan imel ɗin, ka faɗi wanda za ka tura wa da dalili. Idan an ce ka yi amfani da WhatsApp ɗinka, nemi a rubuta maka umarnin.

Kafin ka saka akwatin ofis a wayarka, karanta izinin da yake nema. Wasu tsare-tsaren na ba kamfani ikon goge bayanai daga nesa. A wayar Android, tambaya ko za a iya saka shi a ɓangaren aiki na daban, wanda ke raba manhajojin ofis da hotunanka da saƙonninka.

Kunna tantancewa mai mataki biyu, kuma duk saƙon da ya nemi kalmar sirrinka ko ya ce ka yi gaggawar tura kuɗi, ko da sunan manaja ya zo, kira shi a waya ka ji daga bakinsa.

Takardar kama aikin nan da ka so adanawa kuwa, je ka sashen kula da ma'aikata ka ce su tura maka kwafi zuwa imel ɗinka na kanka. Nasu akwatin yana fita waje, kuma aikinsu ne.